Babi na Biyar: Gangaren Fili da Mazaunin Gida

Wanda ya hau Dutsen Dala ya fuskanci gabas zai iya rantsewa Kano shimfiɗe take. Rufin kwano ne kawai ya miƙe, ya wuce Fagge, ya wuce Sabon Gari, ya ɓace cikin ƙura. Amma duk wanda ya taɓa kwana yana kwalfe ruwa daga ɗakinsa a watan Agusta ya san garin yana da tudu yana da kwari. Arewacin birni yana zubar da ruwansa a Jakara, kudanci kuma yana gangarawa Challawa, daga baya duka su tarar da kogin Haɗeja a hanyarsu ta zuwa yankin Tafkin Chadi. Fagge da Sabon Gari suna ɓangaren Jakara. Baturen nan Kilafaton da ya shigo Kano a 1824, da Barth da ya zo a 1851, dukansu sun rubuta labarin fadamar da ta ratsa tsakiyar birni kusa da Kasuwar Kurmi. Yau an danne yawancinta da gini da kankare, har gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta biyu, tsakanin 2011 da 2015, ta ɗauko aikin rufe Jakara zuwa Kwarin Gogau da shimfiɗa titi a kanta, wanda jama'a ke kira Wuju-Wuju. Duk da haka ƙasar ba ta sauya kwanciyarta ba. Inda ruwa ya nufa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, can yake nufa har gobe.

A babin da ya gabata mun yi maganar takardun fili da yadda ake gudun rikici da dillalai. Yanzu mu ɗauka fili ya zama naka, ba mai ja da kai. Tambayar da ke gabanka ita ce: a wane ɓangarensa za ka zaunar da gidan?

A Fagge da Sabon Gari wannan tambaya tana zuwa da wata siga ta daban, domin filin da ba a taɓa ginawa ba ya yi ƙaranci ƙwarai. Fagge tsohon zangon fatake ne, Sabon Gari kuwa an yanka ta ne jim kaɗan bayan isowar jirgin ƙasa Kano a 1911. Saboda haka sabon gida a nan galibi tsohon gidan gado ne aka raba, ko aka saya aka rushe. Wanda kuma ya rasa wuri a ciki sai ya fita Rijiyar Lemo, Kurna, Bachirawa ko Jaba, inda da yawa filayen awon igiya ne, an yanka su ba tare da an ware wa ruwa hanya ba. Ko wanne ne naka, abu na farko da zan roƙe ka shi ne kada ka kira mai zanen gida sai ka san ta ina ruwa ke shigo wa filin, ta ina kuma yake fita.

Mu yi ɗan lissafi, don mutane da yawa suna raina ruwan da ke sauka a gida guda. Kano tana samun ruwan sama kimanin milimita 800 zuwa 900 a shekara, kuma kusan duka yana zuba ne tsakanin Yuni da Satumba, Agusta ce ke ɗauke da kaso mafi tsoka. Fili mai ƙafa 50 da ƙafa 100 ya kai murabba'in mita 465. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50 a dare ɗaya, abin da ba baƙo ba ne a Kano, lita fiye da 23,000 ce ta sauka a wannan fili. Durom sama da 110 ke nan. A da, tsakar gida ƙasa ce, tana shan wani kaso, saura ya bi rariya ya faɗa kududdufin unguwa. Yanzu rufi kwano, tsakar gida siminti ko tayil, kududdufin kuma an cike shi an yi shaguna. Ruwan nan gaba ɗaya dole ya sami inda zai je cikin sa'a ɗaya ko biyu, kuma in filinka a gangare yake, har da na maƙwabtan da ke samanka.

Yawancinmu da rani muke sayen fili, lokacin da ko'ina a bushe yake, ko'ina kuma kyakkyawa ne. In da hali, ka jira damina, ka je wurin ana cikin ruwa, ka tsaya a ƙarƙashin rumfar wani ka kalla. In ba hali, ƙasa tana da shaidu. Duba inda yashi mai laushi ya kwanta, da lungun da ledoji suka taru suka maƙale, da inda ciyawa ta fi tsayi da duhu. Duba katangar maƙwabta, za ka ga layin da ruwan bara ya bari, da inda fenti ya kumbura yana zubar da farin gari saboda sanyi. Sannan ka tambayi tsofaffin unguwa ko a da akwai kududdufi a wurin. Ka tambayi mata musamman, ta bakin iyalinka, don su ne suke cikin gida lokacin da ruwa ke shigowa, su ne suka san daren da aka ɗage katifa aka ɗora yara a kan gado.

Bayan haka sai awo. Mai hali ya ɗauko safiyo da na'urarsa, kuma in filin babba ne ko gangaren ya yi tsanani, kuɗin da za a ba shi ba asara ba ne. Amma ko ba safiyo, maginanmu suna da dabarar da ba ta ƙarya. Na tsaya na kalli wani dattijon magini yana yin ta a wani kango da aka rushe a Fagge. Ya kawo doguwar tiyo fara wadda ake ganin cikinta, ya cika ta da ruwa a hankali, yana ɗaga ta yana karkaɗawa har kumfar iska ta ƙarshe ta fita. Ya kafa turke a bakin titi, ya riƙe baki ɗaya a jikinsa, yaronsa ya ja ɗaya bakin zuwa ƙarshen fili ya jingina a wani turken. Suka yi shiru suna jiran ruwan ya daina rawa. Da ya tsaya, kowannensu ya ja layi da fensir daidai kan ruwan, sannan aka sa tef aka auna daga layin zuwa ƙasa a kowane turke. Bambancin awon biyu shi ne gangaren.

Maginin ya ce, "Alhaji, bayan filinka ya fi bakin titi zurfi da ƙafa uku da rabi."

Mai filin ya ce, "Haba Malam, ni da nake tsaye a nan ban ga wani gangare ba."

Dattijon ya nuna masa layin fensir ya ce, "Ga shi nan a jikin turke, ranka ya daɗe. In muka zuba fandisho ba mu yi shawara da wannan ba, ɗakin Hajiya ne zai zama matattara."

Wannan awo bai ci sa'a guda ba, amma shi ya sauya zanen gidan baki ɗaya.

Ga matsayina, kuma ban ɓoye shi ba: ɗakunan kwana su hau ɓangaren da ya fi tudu, harsashinsu ya sauka a kan ƙasar asali, ɓangaren da ya fi kwari kuma a bar shi a buɗe gwargwadon iko, ya zama tsakar gida, wurin shanya, wurin bishiya, ko wurin ajiye mota. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙasar da ta shekara aru-aru a kwance ta riga ta danne kanta, tana iya ɗaukar nauyi. Ƙasar da tifa ta juye jiya kuwa tana nan tana zama, kuma za ta ci gaba da zama shekaru, damina bayan damina. Gidan da rabinsa ke kan ƙasar asali rabinsa ke kan ciko zai tsage daidai inda biyun suka haɗu. Za ka ga tsagar ta taso daga kusurwar taga ta yi sama a karkace, ƙofa ta fara cijewa, tayil ya fara ƙara in an taka. A liƙe da siminti bana, baɗi ta sake buɗewa.

Idan filin ya fi titi tudu, wato yana gangarowa zuwa ƙofar gida, ka gode wa Allah, aikinka ya zo da sauƙi. Ɗakuna su koma ciki, tsakar gida ta karkata kaɗan zuwa gaba, ruwa ya bi bututu ta gefen zaure ya faɗa lambatu. Ba sai na tsawaita a kansa ba.

Wahalar tana ga filin da titi ya fi shi tudu, kuma irinsa ya fi yawa a tsofaffin unguwanni. Duk lokacin da aka gyara titi, ana ɗora sabon burji da kwalta ne a kan tsoho, lambatu ma a ɗaga shi. Shi ya sa a wasu layukan Fagge da Sabon Gari za ka ga gidan da kakanni suka hau matakala suka shiga, jikoki yanzu sauka suke yi cikin zaurensa. A irin wannan fili, zaure ba shi da zaɓi, dole ya tsaya a bakin hanya. Abin da za a yi shi ne a ɗaga dokin ƙofa ya fi bakin lambatu sosai, a kuma yi la'akari da cewa titin zai ƙara hawa nan gaba. Ɗakuna su biyo bayan zaure a ɓangaren tudun, daɓensu ya fi tsakar gida tsayi da aƙalla bulo ɗaya. In gangaren ya yi yawa, a yi harsashi mai matakala, yana sauka daki-daki yana bin ƙasa, kowane mataki a kwance daidai. Rufin kuma a karkata shi yadda mafi yawan ruwansa zai bi indararo da bututu ya koma lambatun gaba tun yana sama, kafin ya taɓa ƙasa. Wannan kaɗai yana rage abin da zai taru a baya sosai. Ragowar da ta sauka a tsakar gida ita ce za a nema wa mafita, ko ta lungun gefe, ko ta bayan gida.

A nan ne mutane da yawa suke yanke hanya. Sai a ce a kawo tifa ashirin, a cike filin duka har ya fi titi, a huta. Akwai lokacin da ciko ya zama dole, ban musa ba. Amma yana da sharuɗɗa da ba kowa ke cika su ba. Ƙasar ta zama jan burji mai kyau, ba shara da baraguzan da aka kwaso daga bola ba, don shara ruɓewa take yi ta bar rami. A zuba ta kaɗan-kaɗan, kamar inci shida, a yayyafa ruwa a daddaɓe, sannan a ƙara. Harsashi kuma ya ratsa cikon ya tarar da ƙasar asali, komai zurfinta. Katangar da za ta tare cikon nan ta daina zama katangar gida kawai, ta zama madatsa. Bulo mai inci shida ba zai iya ba. Tana bukatar mai inci tara da aka cika da kankare, da ginshiƙai masu rodi, da ƙananan ramuka a gindinta da ruwan da ya jiƙa ƙasa zai riƙa tsatsowa. In babu waɗannan, ƙasa ta sha ruwa ta yi nauyi, wata rana cikin dare katangar ta kwanta, kuma a gidan maƙwabcin da ke ƙasa za ta kwanta, inda wataƙila a gindinta yaransa suke barci saboda zafi. Mafi munin wuri shi ne tsohon kududdufi. Daga cikinsa aka haƙi ƙasar tubalin da aka gina unguwa, shi ne kuma ma'ajiyar ruwanta. Wanda zai ɗora bene a kan irin wannan wuri ba tare da injiniya ya gwada ƙasar ba yana wasa da rayukan iyalinsa.

Abin da ya fi damuna da ciko shi ne tseren da yake haifarwa. Wannan ya ɗaga gidansa ƙafa biyu, na kusa da shi ya zo gini ya ɗaga uku, na gaba ya ɗaga huɗu. Ruwan bai ragu ko da cokali ba, an dai tura shi gaba. A ƙarshe sai ya tarar da gidan da ba shi da halin ɗagawa, galibi tsohon gidan ƙasa na wata gwauruwa ko na marayu, wanda ya zama kamar ƙwarya a tsakiyar benaye. Idan ya rushe a watan Agusta sai a ce ruwa ne ya ci shi, a yi jaje a watse. Gaskiya ita ce maƙwabta sun sa hannu. Abin da ya faru a Kantin Kwari a daminar 2022, lokacin da ruwa ya shiga shaguna ya lalata atamfofi da yadudduka masu ɗimbin yawa, kuma 'yan kasuwa suka ɗora laifin a kan gine-ginen da aka yi bisa magudanan ruwa, shi ne ke faruwa a lungunanmu kowace shekara, sai dai babu ɗan jaridar da ke zuwa.

Malamanmu na Malikiyya ba su bar wannan magana ba. Wani magini ɗan Tunis mai suna Ibnur Rami, wanda alƙalai ke aikawa ya duba rigingimun gini a ƙarni na 14, ya rubuta littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen gini, kuma ruwan sama da magudanai suna cikin abin da ya tattauna. Tushen hukuncin shi ne hana cutar da maƙwabci. An kuma bambanta ruwan sama da ya saba bin wata hanya tun asali da ruwan wanka da wanke-wanke. Na farko ba a toshe masa hanyarsa ta dā don son rai, na biyu kuma ba a tura wa wani. Saboda haka in ruwan tsakar gidanka ba shi da mafita sai ta gidan baya, ka je da kanka, da sallama da girmamawa, tun kafin a kawo bulo. Ku yarda a kan bututun da za a binne, da wanda zai biya, da wanda zai riƙa yashewa, ku rubuta a gaban mai unguwa da shaidu, don ku biyun za ku shuɗe, magada ne za su zauna da juna. Haka kuma in kai ne a ƙasa, ka tarar da tsohuwar rariya ta ratso filinka, kada ka danne ta da katanga. A Sabon Gari tsarin farko ya bar lunguna a bayan gidaje domin masu kwashe bahaya. Inda irin wannan lungu ya tsira, ku haɗu ku kare shi, don shi ne mafitar ruwan layin gaba ɗaya.

Sai maganar rijiya da sokawe, wadda gangare ke da hannu a cikinta kai tsaye. Ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa galibi yana bin kwanciyar ta sama, don haka rijiya ko burtsatse ta hau tudu, masai da sokawe su sauka kwari. Masana lafiya suna son a bar tazarar mita 30 a tsakaninsu, alhali tsawon fili mai ƙafa 100 ɗin ma duka-duka mita 30 ne. Ga kuma abin da ake mantawa: tudun filinka shi ne kwarin filin wanda ke samanka, wato wurin da ya fi dacewa da rijiyarka mai yiwuwa katanga ce kawai ta raba shi da sokawen maƙwabci. Ka tambaye shi inda ya haƙa nasa. Tambayar tana da nauyin baki, amma wanda ya tuna yadda amai da gudawa ya yi ɓarna a Kano a 2021 ba zai ji kunyar yin ta ba. In wurin ya ƙure, gara a haƙura da rijiyar, ko a ajiye ruwanta don wanki kawai. Sokawen kuma kada a sa shi daidai inda ruwan sama ke taruwa, don zai cika ya yi ambaliya a tsakar gida. A matsar da shi gefe, a ɗaga murfinsa.

Gangare ba shi kaɗai ke da magana ba. Hadarin Kano daga gabas yake tasowa, da iska mai ƙarfi a gabansa, shi ya sa magina na dā suka fi ba bangon gabas kulawa da makuba da laso, ba sa kuma yawaita masa ƙofofi. Ranar yamma tana gasa ɗakin da ya fuskance ta, zafin ya kai har tsakar dare. Alƙibla a Kano gabas ce da ɗan karkata arewa, kuma ba mai son masai ya fuskance ta ko ya ba ta baya. Ga sirrin gida: wanda ya hau tudu ya ɗora bene, tagarsa na iya leƙa tsakar gidan da ke ƙasa, matan gidan su rasa sakewa a cikin gidansu. Waɗannan duka ana iya sasanta su da juya ƙofa, da ɗaga taga, da dasa darbejiya. Hanyar ruwa ce ba ta karɓar gyara cikin sauƙi bayan an zuba kankare, shi ya sa nake sa ta a gaba.

Uwargida ma a zauna da ita a kan zanen. Ita za ta faɗa maka cewa madafa a ƙarshen gangare na nufin girki cikin taɓo, kuma matakala uku tsakanin ɗaki da banɗaki wahala ce ga tsohuwa da mai juna biyu. Sau da yawa maigida da mai zane suna gama komai a shago, sai ranar tarewa matar da za ta wuni a gidan take ganinsa.

Hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA, ita ke ba da izinin gini, kuma ya kamata ka nema kafin ka fara. Amma kada ka ɗauka hatimi a kan takarda zai hana ruwa shiga ɗakinka, domin zane da yawa ana yin su ne ba tare da mai zanen ya taka filin ba. Ka kai shi wurin da kanka, ka nuna masa turakun da layin fensir, ka ce ya zana maka hanyar ruwa da kibiya, daga rufi har lambatu, kafin ya zana falo. In ya kasa nuna maka inda durom 110 ɗin nan za su bi su fita ba tare da sun shiga gidan kowa ba, ka karɓi takardarka ka nemi wani.